Lasifikar Kasuwa da Jajen da Ban Je Ba

Ranar da kuka yi mini bikin cika shekara saba'in, bayan mun taso daga coci an baza kujeru a tsakar gida, Bulus ya miƙe cikin babbar rigarsa ya shaida wa jama'a cewa muryar mahaifiyarsa ce ta haɗa kan Kafanchan bayan rikici. Aka tafa. Rifkatu har da share hawaye, ita da a lokacin da ake zancen ko yaye ba a yi mata ba. Ni kuwa ina zaune cikin leshin da kuka ɗinka mini, ban tafa ba, domin Takwara tana gefena, ta karkatar da kai tana saurare kamar yadda makafi suke yi, har ta lalubo hannuna ta matse. Kun taso kun ga Takwara tana zuwa gidanmu, ga ta Musulma, kuma ba danginmu ba, kun ga nakan zuba mata abinci kafin in zuba wa babanku, kuka ɗauka tausayi ne irin na ma'aikaciyar asibiti. Ba tausayi ba ne. Ku karanta wannan har ƙarshe, kada Bulus ya tsallake shafi yadda ya saba.

Kafin rikicin tamanin da bakwai muna haya ne a cikin gari, a unguwar Hausawa, katanga ɗaya da Inna Asabe. Ungozoma ce, gajeriya, mai faɗa, babu gidan da ba ta yanke cibiya ba a unguwar. Ni na sauko daga Kagoro amarya, ga takardar aikin lafiya a hannu ina jin na san komai, ita ce ta sauke mini girman kai. Ranar da naƙudar Bulus ta taso ana tafka ruwan da ya hana mota fita, Inna ce ta tsallako da zaninta a jiƙe ta karɓi haihuwar. Ita ta yi mini wankan jego da ganyen darbejiya kwana arba'in cur, tana fyaɗa mini ruwan zafi tana mita wai mu mutanen asibiti allura kawai muka iya. Uwata tana kan dutse a ƙauye, Inna Asabe ce uwar da nake gani kullum. Ɗanta Ɗanjuma tela ne, yana da shago a bakin titi, matarsa Hadiza kuwa tana da tsohon ciki lokacin da abin ya faru.

Ba zan ba ku labarin rikicin ba. Kowa da nasa, kuma duk wanda ya ba ku zai ce ɗaya ɓangaren ne ya fara. Mu dai mun kwashe ku mun tsallake layin dogo zuwa kwatas ɗin reluwe, inda babanku yake aiki a wurin gyaran kan jirgi, ba mu sake komawa wancan gida ba. Bayan kwana biyu na ji an ƙone shagon Ɗanjuma da kekunansa duka, ban san hannun wa ba. To a garinmu ko akuyar maƙwabci ce ta ɓata, sai ka taka ka je ka ce Allah ya mayar da alheri. Ya kamata in je jaje. Makon farko akwai sojoji a titi, na ce sai an lafa. Da aka lafa babanku ya ce in ƙara jira. Da wata uku ya wuce sai kunya ta maye gurbin tsoro, na rasa da wane ido zan shiga gidan in ce na zo jajen abin da toka ma ta riga ta huce. Haka shekara ta zagayo ban taka unguwar ba, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a ƙafa ba.

Da zafi ya shigo a shekarar da ta biyo baya, ƙyanda ta sauka a garin. Ƙaramin asibitin mata da yara da nake aiki yana ɓangarenmu na layin dogo, kuma tun rikicin matan cikin gari suka daina zuwa awo, balle riga-kafi. Allurar tana nan jibge a firjin kananzir, yara kuwa suna can suna kwanciya. Shugabarmu Sista Ngozi ce, 'yar ma'aikacin reluwe, a Kafanchan aka haife ta, tana zuba Hausa da gudu kamar ana korarta. Ita ta lura cewa wuri ɗaya ya rage a garin inda kowa yake zuwa ba tare da an tambaye shi addininsa ba, wato famfon bakin kasuwa. Ta yi ta zirga-zirga a ofis har aka ba ta lasifika da akwatinta da abin magana, ƙaninta mai gyaran rediyo ya ɗaura ta a kan dogon ƙarfe kusa da famfon, ya jona ta da batirin mota. Aka ajiye tebur da benci a ƙarƙashin mangwaro. Shirin shi ne mu kawo allura a kula mai ƙanƙara kowace safiya, mu yi shela, sautin ya haura katangu ya iske matan aure a cikin gidajensu.

"Abeg, Saratu, ke ne za ki yi magana," in ji Sista. "Ni in na buɗe baki za su ce Inyamiri ya zo tallan magani."

Da na gaya wa babanku, sai ya ajiye cokali.

"Maman Bulus, garin nan bai warke ba. Duk abin da ya faru bara da baki ya fara. Yanzu ke za ki hau kasuwa ki ƙara wa baki ƙarfi? In wani abu ya tashi, muryan wa za su ce sun ji?"

Na ce masa aiki ne, ba ni na zaɓa ba. Amma a raina na san gaskiya ya faɗa.

Ranar farko kuwa na kusa tabbatar da maganarsa. Kasuwa ta cika, hantsi ya ɗaga, na ɗauki abin maganar, na hura iska a ciki in gwada. Lasifikar ta saki wata ƙara mai tsini, ni kuma don in rufe kunya na ɗaga murya na ce, "Jama'a, a saurara, a saurara." Ban tuna ba cewa rabon mutanen nan da su ji waɗannan kalmomi daga lasifika tun ranar da motoci suka zaga ana shelar dokar hana fita. Kafin in ƙara kalma ɗaya kasuwa ta watse. Masu shaguna suna jan ƙofofi, tumatir da doya a ƙasa ana tattakawa, mata suna kiran sunayen 'ya'yansu, Kiristoci sun nufi layin dogo, Musulmi sun nufi cikin gari, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya faru. Na tsaya da abin maganar a hannu ina jiran in ga hayaƙi. Sista ce ta dunguri kafaɗata ta ce in yi magana, ko me ya zo bakina. Abin da ya zo shi ne, "Ba faɗa ba ne, ba gobara ba ce, allura ce." Na yi ta maimaitawa har muryata ta dushe. A hankali mutane suka fara dawowa suna tsintar kayansu, wasu na dariya, wasu na zagina, kuma duk na cancanta. Daga ranar da waɗannan kalmomi nake buɗe kowace shela, shi ya sa har yau tsofaffin kasuwa suke kirana Ba-faɗa-ba-ne, ba don wata jarumta ba.

Bayan haka mata suka fara zuwa. Matan kwatas, matan Ibo masu shaguna, matan ƙauyukanmu da suka kawo citta da acca, duk suka jera a benci da goyonsu. Daga cikin gari kuwa ko mace ɗaya. 'Yan mata masu ɗiban ruwa sukan tsaya da bokiti a ka su kalle mu, su wuce. Na san sautin yana isa, domin ƙanin Sista ya zaga har bayan masallacin unguwar ya ce ana ji tar. Allurar ƙyanda kuwa in an haɗa ta ba ta kwana, duk abin da ya rage bayan azahar zubarwa ake yi. Ni ce nake zubarwa.

A ƙarshen makon farko Sista ta zaunar da ni a bencin bayan an watse.

"Saratu, matsalan ba lasifika ba ne, muryan ne. Kina gamawa ki ce Ubangiji ya albarkace ku, kowa ya san daga coci kika fito. Ko kin daina faɗa ma, bakinki na Kagoro ne. Muna son mutum nasu, wanda mazan za su yarda da shi. Wannan tsohuwa maƙwabciyarki fa, mai karɓan haihuwa?"

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanku ya koma ga Ubangiji bai sani ba. Na dubi Sista ido cikin ido na ce Inna Asabe ta koma Zariya wurin 'yarta tun bara. Ƙarya ce tsagwaronta. Ban shirya ta ba, fitowa kawai ta yi, don na gwammace in ci gaba da ihu a kan ƙarfe da in tsaya a gaban tsohuwar nan ta kalle ni. Sista ta ce to, za ta nemi wata. Ta nema, amma wa zai saurari baƙuwa a irin wannan lokaci. Ni kuma na ci gaba da fitowa kowace safiya, ina gyara Hausata, ina kwaikwayon maganar Hausawa, ina gaya wa kaina gobe za su zo. Wata guda cur na yi a haka. Na rame har zanena yana zamewa. Ko a sujada in aka ce a yi shiru kowa ya faɗa wa Allah laifinsa, sai in ji kamar duk cocin ni suke kallo.

Abin da ya karya ni, wata ranar Laraba ina tsakiyar shela na hango maza huɗu sun fito daga lungun tsohon gidanmu. Na gaba yana rungume da wani abu ƙarami naɗe a tabarma, sun nufi maƙabarta. Ba su ko kalli wajen famfon ba. Na ajiye abin maganar, na zauna a kan kular allura. Lungun nan gida shida ne kawai, kuma na san kowace mace a ciki. Da muka tashi ban koma kwatas ba, ban aika wa babanku ba. Na sayi goro da sabulu a kasuwar, na shiga cikin gari da fararen kayan aikina. Kowane zaure na wuce sai hira ta tsaya.

Na yi sallama a ƙofar Inna sau biyu kafin ta amsa. Ta fito, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta zauna ta jira. Na durƙusa na tura goron da sabulun gabanta.

"Inna, ya muka ji da abin da ya faru? Ashe haka aka yi wa shagon Ɗanjuma. Allah ya mayar da alheri."

"Amin," in ji ta. "Na karɓa. Kin rame."

Na fara kawo uzuri, sojoji, hanya, yara, ta ɗaga hannu.

"Bari, Saratu. Wata guda ke nan muryarki tana shigo mini ta katanga, ina tankaɗe ina jin ki, ina alwala ina jin ki. Na ce wadda ta iya yi wa gari guda magana, ai ƙafarta za ta iya kawo ta gidana. Kullum sai na share ƙofar nan."

Na tambaye ta gawar wa aka fitar ɗazu, ta ce ɗan gidan mai nama ne, na ƙarshen lungu. Na ce, "Inna, ga allura kyauta a bakin famfo, me ya hana su fitowa?"

"Sun zo nan sun tambaye ni. Suka ce Inna, wannan ba Saratunki ba ce? Allurar nan lafiya, ko wani abu aka shirya wa 'ya'yanmu? Mazansu ma ni suke jira. Na ce musu ban sani ba. Saratun da na sani da ta zo jaje. Wannan ta kan ƙarfe ban san ta ba." Sannan ta ce, "Ni ma ina da nawa laifin a ciki, Allah ya gani. Tashi ki ga takwararki."

Ban gane ba sai da muka shiga ɗakin Hadiza. An toshe taga da tsumma kamar yadda ake yi wa mai ƙyanda, ɗakin duhu da zafi. Hadiza tana zaune da yarinya a cinya, 'yar wata goma. Da damina aka haife ta, bayan rikicin, bayan an ƙone shagon ubanta, kuma sunana aka sa mata. Inna ta ce Ɗanjuma bai so ba, ita ta nace, ta ce sunan ai na kowa ne. Ta aiki wata jikarta ta gaya mini ranar suna, yarinyar ta kai bakin layin dogo ta ji tsoro ta juya. Na karɓi jaririyar na fito da ita haske. Ƙurajen sun fara bushewa, fatar tana saɓa, amma idanun sun kumbura sun manne da ruwa. Na buɗe ɗaya a hankali da yatsa, na ga abin da na gani, na san aikina sosai har ban iya yi wa kaina ƙarya ba.

"Yaushe zazzaɓin ya fara?"

"Yau kwana goma," in ji Hadiza.

Na ƙirga da yatsu a tsaye a tsakar gidan, na sake ƙirgawa. Ranar da Sista ta tambaye ni labarin Inna, yarinyar nan lafiyarta lau, kuma ta kai watannin allura daidai. Da na zo a ranar, da ita ce ta farko a benci.

Na goya ta a bayana a kan fararen kayan, ni da Hadiza da Ɗanjuma muka tafi babban asibiti. Ta yi mako biyu a kwance. Ranta ya tsira, idanun ba su tsira ba.

Washegarin zuwana, tun kafin mu gama ajiye tebur, sai ga Inna Asabe da mayafinta da sandarta. Sista ta kalle ni, ta kalle ta, ta ce, "Mama, sannu da dawowa daga Zariya." Inna ta juyo ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yawwa, 'yar nan, hanya ta yi kyau." Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba har ta rasu. Ta karɓi abin maganar ta riƙe shi kamar taɓarya, ba ta ko gwada ba.

"Salamu alaikum. Ni ce Asabe ungozoma. Kun san ni, ni na yanke cibiyar yawancinku, har da ku masu gemu. Na ce ban san allurar nan ba, yanzu na sani, kuma jikata tana asibiti saboda jinkirina. Wadda take yin allurar 'yata ce. Ku bar mata su fito da yara. Ina nan zaune a bakin famfo, zan ga wanda bai turo ba."

Kafin azahar bencin bai ishe mu ba. Wasu mazan da kansu suka rako matansu suka tsaya daga nesa, wasu tsofaffi suka turo da goyo. Ranar ban zubar da ko ɗigo ba, har sai da aka koma asibiti aka ƙaro. Ƙanin Sista ya ɗauki muryar Inna a kaset, muka riƙa sawa tare da tawa kowace safiya. Babanku ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana saboda na shiga cikin gari ban gaya masa ba, a na ukun na ga ya saɓa batirin a keke ya kai wurin aikinsu ya yi caji, kuma shi ya ci gaba da yi shekara da shekaru. Lasifikar ta wuce zancen allura. In yaro ya ɓata a kasuwa, wurinmu ake zuwa. In an yi haihuwa ko rasuwa a wancan ɓangare, sai a zo a ce a faɗa don tsofaffin maƙwabta na wannan ɓangare su ji su je. Matan da suka shekara ba su gaisa ba suka riƙa haɗuwa a bencin nan suna kwatanta nauyin 'ya'yansu. Lasifikar ta yi aiki har tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da iska ta kayar da ƙarfen ba a sake ɗagawa ba. Wannan ɓangaren shi kuka sani, kuma gaskiya ne. Sai dai muryar da ta buɗe ƙofofin ba tawa ba ce.

Takwara ta girma tana jin cewa ni ce na goya ta zuwa asibiti na ceci ranta. Haka Inna ta gaya mata, haka Hadiza ta sani. Kullum ta zo sai ta shafa fuskata da hannu ta ce, "Mama, kin ƙara tsufa," mu yi dariya. Yau tana da 'ya'ya uku da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Da na fara wannan rubutu niyyata in ba Rifkatu ta kai mata ta karanta mata bayan raina, sai da na zo nan na ga cewa wannan ma tsayawa ce a kan ƙarfe ina magana ta katanga. Kada kowa ya karanta mata. Bulus, ranar Asabar ka zo da mota da safe ka sauke ni a bakin layin dogo, sauran hanyar zuwa gidan Takwara zan taka da ƙafata. Ban san abin da za ta ce ba. Na riga na sayi goro da sabulu, suna nan a jakata.